MU ƊAGA IDO SAMA: Tauraron da Yake Ƙifta Ido

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da yakan faru a daren da wata ya yi husufi. Yara sukan fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa, ana cewa rana ta kama wata, sai an roƙe ta ta sake shi. Waɗanda suka zauna a aji kuwa sun sani inuwar duniya ce take faɗa wa wata, gama duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Husufin rana ma haka yake, sai dai a nan wata ne mai shiga tsakani. To, a wannan karo muna so mu ba ku labarin wani husufi dabam, wanda yake faruwa a bisa kanmu kusan kowane kwana uku, ba fashi, amma ba mai kaɗa masa ko gwangwani ɗaya.

Idan kun fita waje da dare a lokacin ɗari, kuka sami Kaza da 'Ya'yanta, sai ku juya wajen arewa kaɗan. Akwai wani tauraro fari mai haske a can, wanda masana suke kira Algol. Sunan daga Larabci ne, Ra'asul Gul, wato kan dodo. Larabawa kuwa daga Helenawa suka gaji zancen, domin a tatsuniyar Helenawa taurarin wannan yanki siffar wani jarumi ne mai suna Farsiyus, yana riƙe da kan wata dodanniya da ya fille. Masu duba na zamanin dā sun ɗauke shi tauraron rashin sa'a. Mu dai ba zancen duba muke yi ba, zancen awo da lissafi ne.

Abin da Algol yake yi ke nan. Yakan yi kwana biyu da rabi yana haskakawa sosai, ba ragi ba ƙari. Sa'an nan sai haskensa ya soma raguwa a hankali, har cikin sa'a biyar ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda yake dā. Daga nan sai ya soma farfaɗowa, cikin wata sa'a biyar ya koma daidai. Daga wannan dushewa zuwa ta gaba, kwana 2 ne da sa'a 20 da minti 49. Agogon hannu da yawa ba su kai shi riƙe lokaci ba.

Wani malami a birnin Bolonya ta ƙasar Italiya, mai suna Geminiano Montanari, ya lura a shekara ta 1667 cewa hasken tauraron nan yana sākewa. Amma aka yi shekara fiye da ɗari ba wanda ya zauna ya ƙidaya lokacin. Wanda ya yi wannan aiki wani saurayi ne ɗan shekara 18, kuma kurma ne.

Sunansa John Goodricke. An haife shi a shekara ta 1764 a garin Groningen ta ƙasar Holan, ubansa Bature ne na Ingila, uwarsa 'yar ƙasar ce. Tun yana ƙarami wani zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya tashi ba ya ji. A zamanin nan mutane da yawa a Turai suna ɗaukar kurma kamar wawa ne, ba a sa ran zai koyi kome. Iyayensa ba su yarda da haka ba. Suka kai shi birnin Edinbara, makarantar wani malami mai suna Thomas Braidwood, wadda ita ce makarantar kurame ta fari a Birtaniya. Can ya koyi karatu da rubutu, da gane magana ta wurin duban leɓunan mai magana. A shekara ta 1778 ya shiga wata babbar makaranta a Warrington, ya zauna aji ɗaya da masu ji, ya kuwa yi fice a lissafi. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne, kuɗin makarantar nan ba na talaka ba ne. Duk da haka muna roƙon gidajen da suke da yaro kurma su tsaya su yi tunani a nan. Da an bar yaron nan a gida ana aikensa ɗebo ruwa, da ba mu da wannan labari. Kunne ne ya toshe, kai lafiya lau yake.

Da ya gama makaranta sai ya koma wurin iyayensa a birnin York, a wani gida da yake daura da babbar majami'ar garin. A nan ya yi abota da wani maƙwabcinsu mai suna Edward Pigott, wanda ya girme shi da shekara 11, ubansa kuma yana da ɗakin duban taurari. Pigott ne ya ba shi shawara su riƙa lura da taurarin da aka ce haskensu yana sākewa. Sukan aika wa juna 'yan takardu, kowa yana rubuta abin da ya gani a littafinsa.

Daren 12 ga Nuwamba 1782 Goodricke ya dubi Algol, ya ga ya dushe ƙwarai. Ya tsaya yana kallo wajen sa'a guda, sai ya ga hasken yana komowa a kan idonsa. Da fari ya yi zaton ko idonsa ne yake ruɗinsa, ko kuwa iska ce ba ta da kyau a daren. Ya ci gaba da dubawa duk daren da gajimare ya bari, wanda kuwa ya san Ingila ya san irin waɗannan darare ba su da yawa. Ran 28 ga Disamba abin ya sāke faruwa, shi da Pigott suka gani tare. Haka ya yi ta rubutawa har damunar sanyinsu ta wuce. Kayan aikinsa ba su wuce ido da agogo da alƙalami ba. Yadda yake awon hasken shi ne, ya gwada Algol da taurarin da suke kewaye da shi, ya ce yau ya fi wancan haske, yanzu sun yi daidai da wannan, yanzu kuma wannan ya fi shi.

A watan Mayu 1783 aka karanta wasiƙarsa a gaban babbar ƙungiyar masana ta Landan, wadda ake kira Royal Society. Ya ce dushewar tana komowa kowane kwana 2 da sa'a 20 da minti 45, daga baya kuma ya gyara lissafin ya kai shi minti 49. Game da dalili kuwa, ya kawo zato biyu. Ko dai akwai wani babban abu mai duhu da yake kewaya tauraron yana tare haskensa, ko kuwa tauraron yana da tabo a jikinsa, yana juyawa yana nuna mana wajen tabon. Ƙungiyar ta ba shi lambar girma ta Copley, wadda ita ce mafi daraja a wurinsu. A shekara ta 1784 ya gano waɗansu taurari biyu masu sākewar haske, ɗaya daga cikinsu, Beta Lyrae, shi ma na husufi ne. A watan Afrilu 1786 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar. Cikin watan nan kuma ya rasu, yana da shekara 21. Yau akwai wani sashe na jami'ar York da ake kira da sunansa.

Zatonsa na fari shi ne daidai, amma ba wanda ya iya tabbatarwa a lokacin. An sa manyan madubai na hangen nesa a kan Algol, ba a ga kome ba sai ɗigon haske guda ɗaya. Shi kansa Goodricke kafin rasuwarsa ya fi karkata ga zancen tabo. Aka yi shekara 106 ana jira.

A shekara ta 1889 wani Bajamushe mai suna Hermann Carl Vogel, a garin Potsdam, ya warware maganar. Dabararsa tana bukatar ɗan bayani. Kun san in babbar mota ta taho tana busa ƙaho, muryar ƙahon takan yi siriri sa'ad da take matsowa, da ta wuce kuma sai muryar ta yi kauri. Haske ma yana da irin wannan hali. In aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan rarrabu launi launi kamar bakan gizo, da waɗansu baƙaƙen layuka a ciki. Idan tauraron yana matsowa wajenmu, layukan sukan gusa wajen shuɗi. Idan yana nisanta, sukan gusa wajen ja. Vogel ya ɗauki hotunan layukan Algol dare bayan dare, ya ga kafin dushewa tauraron yana nisantarmu, bayan dushewa kuma yana matsowa, da gudun da ya fi kilomita 40 a daƙiƙa ɗaya. Tabo ba zai sa tauraro ya yi gaba ya yi baya ba. Ashe Algol yana kewaya wani abu ne, abin kuma yana kewaya shi.

Ku ɗauka yara biyu ne a dandali da dare, sun kama hannun juna suna juyawa. Ɗaya ya ɗaura fitila mai ƙwai mai haske sosai a ka, ɗaya kuwa ƙato ne amma 'yar aci-balbal ce a kansa. Wanda yake tsaye can nesa ba zai rarrabe su ba, haske guda zai gani. Amma duk sa'ad da ƙaton ya gitta ta gaban mai fitilar, sai hasken ya ragu ƙwarai. Sa'ad da mai fitilar ya gitta ta gaban ƙaton ma hasken zai ragu, amma kaɗan ne, tun da aci-balbal ce kawai aka tare. Wannan ƙaramar dushewa ido ba ya iya ganinta. Sai a shekara ta 1910 wani Ba'amurke, Joel Stebbins, a jami'ar Illinois, ya auna ta da wata na'ura mai sinadarin seleniyam, wanda yake barin wutar lantarki ta bi ta cikinsa gwargwadon hasken da ya faɗa masa. Har ƙanƙara yakan jera wa na'urar don ta yi sanyi ta yi aiki daidai.

Taurari masu tafiya biyu biyu suna da yawa ƙwarai. Cikin taurari irin ranarmu, kusan rabi suna da abokin tafiya. Amma ba dukansu muke ganin husufinsu ba, sai waɗanda hanyar kewayarsu ta yi daidai da idonmu. Wanda ya hau bishiya yana kallon yaran nan daga sama, ba zai taɓa ganin ɗaya ya tare ɗaya ba.

Mai karatu zai ce, to, mun ji, amma mene ne amfanin wannan duka? Amfaninsa babba ne, gama ta nan ne mutum ya sami ma'aunin da yake auna taurari. Tauraron da yake shi kaɗai ba shi da sauƙin awo, ɗigon haske ne kawai. Amma tagwaye masu husufi su da kansu suke faɗin girmansu da nauyinsu. In ka san gudun jirgin ƙasa, ka kuma ƙidaya daƙiƙa nawa ya yi kafin ya gama wuce wani turke, ai ka san tsawon jirgin ko ba ka taɓa shi ba. Haka nan layukan nan suna ba da gudun taurarin, tsawon lokacin husufi kuma ya ba da faɗinsu. Nauyi kuma, ku koma ga yaran nan masu juyawa. Mai nauyi ƙaramar da'ira yake yi, marar nauyi shi ne ake wurgawa da faɗi. In aka gwada gudun wannan da na wancan, aka haɗa da tsawon lokacin kewaya, sai nauyin kowannensu ya fito. A shekara ta 1912 Henry Norris Russell da almajirinsa Harlow Shapley, a jami'ar Princeton ta Amurka, suka tsara hanyar wannan lissafi, Shapley kuma ya bi da ita a kan tagwaye 90. Yawancin abin da aka sani yau da tabbaci game da nauyin taurari da faɗinsu, daga irin waɗannan tagwaye aka samo shi.

Ga abin da awon ya nuna game da Algol. Nisansa daga gare mu tafiyar haske ce ta wajen shekara 90, haske kuwa yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Mai hasken ya fi ranarmu nauyi sau uku da 'yan kai, faɗinsa kusan sau uku na rana, fari ne mai zafi ƙwarai. Abokinsa ya fi shi faɗi, sau uku da rabi na rana, amma nauyinsa bai wuce kashi 7 cikin 10 na rana ba, launinsa kuma ja-ja ne. Tsakaninsu kilomita wajen miliyan 9 ne kawai, alhali tsakaninmu da rana miliyan 150 ne. Akwai ma na uku can gefe, wanda yake kewaya su biyun cikin kwana 680.

A nan ne masana suka ci karo da wata matsala da ta ɗaure musu kai. An sani tauraro mai nauyi shi yake saurin tsufa, kamar yadda babbar wuta take saurin cinye itacenta. In tauraro ya soma tsufa kuma, sai ya kumbura ya yi ja. To, tagwayen Algol tare aka haife su, shekarunsu ɗaya. Bisa ga ƙa'ida mai nauyin ne ya kamata ya fara tsufa. Amma ga shi mai nauyin yana nan da ƙuruciyarsa, marar nauyin ne ya kumbura ya yi ja. Yaya aka yi haka? A shekara ta 1955 wani masani mai suna John Crawford ya kawo amsar da aka karɓa. Wannan tsohon, dā shi ne babba, shi ne mai nauyi. Da ya tsufa ya kumbura, sai jikinsa ya kai inda jan ɗan'uwansa ya fi nasa ƙarfi, iskar jikinsa ta yi ta kwarara zuwa wurin ɗan'uwan, har ƙaramin ya zama babba, babban ya zama ƙarami. Har yanzu kwararar ba ta tsaya sarai ba. A ganinmu wannan shi ne wuri mafi daɗi a labarin duka, domin ba wanda ya ga abin yana faruwa, lissafi ne ya ƙi daidaita, aka bi sawunsa har aka iske dalili.

Ganin ido kuwa ya zo daga baya. A kan Dutsen Wilson a jihar Kalifoniya akwai madubai shida da aka haɗa suna aiki kamar madubi guda ƙato, ana kiransu CHARA. A shekara ta 2012 aka fito da hotunan da suka ɗauka, aka ga taurarin Algol kowanne dabam, jan yana gittawa ta gaban farin, jikinsa ya ɗan miƙe wajen ɗan'uwansa kamar ƙwai. Shekara 229 ke nan bayan wasiƙar Goodricke.

Akwai wata magana kuma da ta fito daga Afirka. Waɗansu masana na jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan sun bincika wata tsohuwar takardar Masar, ta fiye da shekara 3,000, wadda take jera ranakun sa'a da na rashin sa'a. A shekara ta 2013 suka ce sun sami wani tsari a ciki mai komowa kowane kwana 2.85, suna ganin Algol ne Masarawa suke bi. Waɗansu masana ba su yarda ba, suna cewa tsarin yana iya zama dace ne kawai.

Ma'aunin nan bai tsaya ga nauyi da faɗi ba, har nisa ake aunawa da shi. In ka san ainihin faɗin tauraro, launinsa kuma ya gaya maka zafinsa, to ka san yawan hasken da yake fitarwa. Sai ka gwada da ɗan hasken da ya iso gare mu, nisan ya fito. Da haka ne wata ƙungiya a ƙarƙashin Grzegorz Pietrzyński, mutumin Folan, ta yi aiki da madubai a ƙasar Cile, ta auna tagwaye 20 a cikin wani gungun taurari na sararin kudu da ake kira Babban Gajimaren Magellan. A shekara ta 2019 suka ba da nisansa, tafiyar haske ta wajen shekara 162,000, kuskuren awon wajen kashi 1 ne cikin 100. A kan wannan awo ake ɗora awon wuraren da suka fi nisa.

Yawansu ma ya ƙaru ba misali. Kumbon Kepler da Amurka ta harba a shekara ta 2009 ya zuba ido a kan taurari wajen 150,000 har shekara huɗu, ya sami tagwaye masu husufi kusan 2,900. Ainihin abin da aka aike shi nema shi ne duniyoyi masu kewaya waɗansu taurari, ta wurin ɗan ragin hasken da sukan jawo in sun gitta, wato dai dabarar da Goodricke ya fara zato. Ya kuwa samo fiye da 2,600 kafin a sallame shi a 2018. Kumbon Gaia na Turawa kuma, a jerin da aka fitar a 2022, ya nuna taurari fiye da miliyan 2 da ake zaton na husufi ne. Waɗansu sukan gama kewayarsu cikin 'yan sa'o'i. Wani kuwa, Epsilon Aurigae, sai bayan shekara 27 yake husufi, in ya fara kuma sai ya yi kusan shekara biyu. Na baya ya kama daga 2009 zuwa 2011, na gaba sai 2036.

Algol dai ba ya bukatar kumbo ko madubi. Ga yadda iyali za su gan shi. A ƙarshen Disamba, wajen ƙarfe tara da rabi na dare, Kaza da 'Ya'yanta tana kusa da tsakar ka. Ku fuskanci arewa, ku miƙa hannu sosai, ku buɗe yatsu, babban yatsa a kan Kazar, ƙaramin yana nuna arewa, ya ɗan karkata yamma. Tauraro mai haske da yake wajen ƙaramin yatsan shi ne Algol. Dab da shi ta kudu akwai wani ƙaramin tauraro ja-ja. A yawancin darare Algol ya fi shi haske nesa ba kusa ba, amma a tsakiyar husufi sai su yi kusan daidai. Ku zaɓi daren da hazo ya yi sauƙi, ku nisanci fitila, ku ba yara littafi da fensir su riƙa rubuta rana da lokaci. Kada a gaji in an yi mako ba a ga kome ba, gama husufi da yawa da rana tsaka suke faɗawa.

In kun dace kun kama shi sau ɗaya, sauran lissafi ne. A ce ya fi dushewa ran Litinin da ƙarfe 11 na dare. Ku ƙara kwana 2 da sa'a 20 da minti 49, zai sāke ran Alhamis da ƙarfe 7.49 na dare. Na bayansa zai faɗa ran Lahadi da la'asar, ba za a gani ba, haka kuma waɗansu da za su biyo. Amma bayan kwana 23 daga Litinin ta fari, wato ran Laraba, ku fito da ƙarfe 9.32 na dare, za ku same shi a dushe.